Bindigar da Aka Ɓoye a Sama da Ƙarfen da Ya Faɗo Jabo

Lacca ga malamai da ɗaliban makarantun sakandare na Tambuwal da Kebbe



Shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Iyayen ƙasa da suka bar fada suka zo suka zauna tare da mu, ranku ya daɗe, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da fitowa. Ƙannena ɗalibai, na nan cikin garin Tambuwal da waɗanda suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, da na Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, sannunku da hanya.

Masu shirya taron nan sun nemi in yi magana a kan ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran kumbo da taurari da halittun wasu duniyoyi. Fagen yana da faɗi, lokacin da aka ba ni kuma kaɗan ne, don haka zan kama wuri ɗaya in tsaya a kansa.

Akwai wani fage da marubutan irin waɗannan labarai ba sa gajiya da shi. Za a gina tasha a sararin samaniya, a ce gidan bincike ce, ko zangon fatake, ko wurin sulhu tsakanin al'ummu. Baƙi su iso, a tarbe su, a ba su masauki, a zagaya da su su ga lambun da ake shuka ganye ba tare da ƙasa ba, su leƙa taga su hango duniyarsu tana juyawa. Can sai wani daga cikinsu, galibi mai shisshigin cikinsu, ya bi lungun da ba a nuna masa ba, ya tura wata ƙofa, ya tarar da makamai jere. Daga nan hira ta ƙare. Wanda ɗazu yake mai masauki ya zama abin tsoro, baƙo kuma ya fara lissafin nisan da ke tsakaninsa da kumbonsa.

A fim ɗin Star Wars na 1977 matafiya sun hango wani dunƙulallen abu suka ɗauka ƙaramin wata ne, ashe tasha ce mai iya tarwatsa duniya guda. A Moonraker na 1979 wani attajiri ne ya ɓoye tasharsa da kwanson guba a ciki. Amma wanda ya fi burge ni shi ne shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek: Deep Space Nine, domin marubutansa sun buga wasan sau biyu, kowanne da fuska daban. A kashin farko, a 1993, tashar kango ce, waɗanda suka bar ta sun kwashe kusan komai. Da abokan gaba suka taso mata, sai ma'aikatanta suka yi dabara, suka sa na'urorin maharan su riƙa ganin dubban makamai alhali babu, har maharan suka yi jinkiri. Kurari ne kawai. Bayan shekara biyu, a 1995, wata al'umma mayaƙa da ake kira Klingon suka sauka a tashar a matsayin aminai, suka ci suka sha, daga baya zama ya ɓaci. Da suka auna tashar da na'urorinsu suka sake ganin dubban makamai, sai janar ɗinsu ya ce ƙarya ce, wasan ido ne. Wannan karon ba ƙarya ba ce. Bangon tasha ya buɗe, bindigogi suka leƙo.

Me ya sa fagen nan yake kama zuciya? A ganina ba makamin ne yake girgiza mai kallo ba. Amana ce. Tsakanin baƙo da mai masauki akwai alkawarin da ba a furtawa, ƙofar da aka tura kuwa ita take nuna cewa ɗayansu ya san abin da ɗayan bai sani ba tun lokacin da ake gaisawa.

Mu Sakkwatawa ba sai mun je Amurka aron wannan labari ba, muna da namu, sai dai a namu baƙon ne ya zo da makaman. A watan Maris na 1824 Bature Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayansa na auna taurari da taswirar sama, ya kuma rubuta a littafin tafiyarsa cewa Bello ya san buruji ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Suka rabu da mutunci. A 1826 ya dawo, wannan karon ta bakin teku, ya tarar Sakkwato da Barno ba sa ga-maciji. A cikin kayansa akwai wasiƙa da tsaraba zuwa ga Shehu Laminu na Barno, a cikin tsarabar kuma har da makamai. Bello ya riƙe su. Clapperton ya fusata, yana ganin an ci amanarsa, ciwo kuma ya kama shi ya rasu a nan ƙasar a watan Afrilu na 1827. Ni dai ban ga laifin Bello ba. Babu shugaban da zai bari a ratsa ta zaurensa da bindigogi a kai wa wanda suke yaƙi da shi. Abin lura shi ne, mutumin da ya zo da na'urar duba taurari shi ne dai ya zo da bindigogi, duk a kaya ɗaya.

Garin nan ma da muke zaune a ciki ribaɗi ne tun asali, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsaron wannan sashe. Makaranta da bargar dawakin yaƙi ganuwa ɗaya ta kewaye su, kuma ba a ɓoye wa kowa ba. Wanda ya shigo ribaɗi ya san inda ya shigo. Kuma duk ɗan makarantar allo da ya kai Suratul Jinni ya karanta labarin waɗanda suka nufi sama suka tarar da ita a tsare. Allah ya kiyaye in haɗa wannan da ƙagaggen labari. Ina nufin dai tunanin cewa sama wuri ne mai tsaro ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

To, yanzu bari in ajiye fim in ba ku abin da ya faru da gaske.

A watan Yunin 1974 Tarayyar Sobiyet ta harba wata tasha mai nauyin kusan tan 19, ta sanar wa duniya cewa sunanta Salyut 3. Sunan Salyut na tashoshin bincike ne na farar hula. Amma a cikin gida sunanta Almaz, ta soja ce, daga ofishin wani injiniya mai suna Vladimir Chelomei. Dabarar ita ce a raɗa wa na soja da na farar hula suna ɗaya, a jera musu lamba ɗaya, don na waje ya kasa bambancewa. Salyut 2 da ta lalace a 1973, da Salyut 3, da Salyut 5 ta 1976, duk na soja ne. Masu sa ido na ƙasashen Yamma sun yi zargi tun a lokacin, domin tashar tana shawagi ƙasa-ƙasa fiye da yadda mai binciken taurari zai so, mutanen da aka tura mata duk hafsoshin soja ne, kuma zangon rediyon da take magana da shi na soja ne. A watan Yulin shekarar Pavel Popovich da Yuri Artyukhin suka shiga cikinta suka yi kimanin mako biyu.

A cikin cikinta akwai wata ƙatuwar kyamara mai kallon ƙasa. A jikinta ta waje kuma akwai bindiga mai sarrafa kanta, wadda aka gyaro daga irin da ake ɗaurawa a wutsiyar jirgin yaƙi samfurin Tu-22. Tsoronsu shi ne kada wani kumbon Amurka ya matso ya leƙa ko ya yi ɓarna. Bindigar ba ta juyawa, a kafe take. In ana son saiti sai an juya tashar gaba ɗayanta, kamar a ɗaure bindigar toka a jikin amalanke, duk lokacin da za a yi harbi sai an karkata shanu. Ga kuma wata matsalar: a sama babu ƙasar da za ka dogara da ita, in ka harba gaba, bindigar za ta tura ka baya, don haka sai an kunna injin tasha a daidai lokacin harbi don ya rama turin. Ba su yarda a gwada ta da mutane a ciki ba, don gudun kada girgiza ta tsaga jikin tashar. Sai ranar 24 ga Janairun 1975, tasha ba kowa, saura sa'o'i a sauko da ita ta ƙone a kan Tekun Fasifik, aka danna daga ƙasa ta yi harbi. Bayan wata shida, a Yulin 1975, kumbon Amurka Apollo da na Sobiyet Soyuz suka haɗe a sama, Thomas Stafford da Alexei Leonov suka yi musafaha duniya tana tafi. Labarin bindigar bai fito fili ba sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet.

Kada wani ya ɗauka Amurka waliyyiya ce a nan. Ita ma ta tsara tata tashar leƙen asiri mai mutane a ciki, ta kashe kuɗi mai yawa, ta soke shirin a 1969 saboda tsada da kuma ganin taurarin da ba kowa a ciki suna yin aikin.

Akwai wata bindigar kuma, ƙarama, wadda labarinta ya fi ban dariya. A Maris na 1965 kumbon Leonov ya ɓace hanya wajen sauka, ya faɗa tsakiyar dajin Rasha cikin dusar ƙanƙara, shi da abokinsa suka kwana biyu kafin a fito da su. Daga baya ya matsa a yi wa 'yan sama jannati bindigar kare kai daga namun daji. Aka ƙera TP-82, mai baki uku, gindinta kuma adda ce a cikin kube. Ta yi kimanin shekara 20 tana tafiya a jakar gaggawa ta kumbon Soyuz, har zuwa zamanin Tashar Ƙasa da Ƙasa ta yanzu. A wancan lokacin, Ba'amurken da zai hau Soyuz sai an koya masa harba ta. Ga baƙo ya ga makami a tasha, amma na kyarkeci ne da beyar, ba nasa ba.

Za ku ce, ashe babu doka? Akwai. A ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a kan Tekun Fasifik. Fitilun titi suka mutu a Hawaii, mai nisan fiye da kilomita 1,000, kuma gubar hasken da ya bari ta lalata taurarin ɗan'adam da dama cikin watannin da suka biyo. Wannan da ire-irensa suka tsorata kowa, har a 1967 aka ƙulla Yarjejeniyar Sararin Samaniya, wadda Nijeriya ma tana cikinta. Sashe na huɗu ya hana ajiye makaman nukiliya da sauran makaman ƙare-dangi a falaki, ya hana kafa sansanin soja a kan wata. Bai hana bindiga irin ta Salyut 3 ba. Bai hana kyamara ba. Bai hana a harbo tauraro daga ƙasa ba. Ko wannan ɗan abin da aka samu ma yana rawa: a Afrilun 2024 Amurka da Japan sun kai ƙudurin jaddada hanin nukiliyar gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, Sin ta ƙaurace.

A nan ne nake ganin labaran nan da muke so suna ɓatar da mu. Sun koya mana cewa in an tura ƙofa, bakin bindiga za a gani. Alhali a Salyut 3 bindigar ita ce abu mafi rashin amfani. Sau ɗaya ta yi aiki, kuma ba ta harbi kowa ba. Makamin gaske shi ne kyamarar. Ita ce take ƙirga jiragen yaƙi a filin abokin gaba, a naɗe fim ɗin a kwanso a jefo shi ƙasa. Amurka ma haka ta yi daga 1960 zuwa 1972 da taurarinta na CORONA, har jirgin sama ke cafke kwanson fim yana saukowa da laima. Da baƙon labarinmu zai shiga irin wannan ɗaki, zai ga madubi da waya da allo, ya ja ƙofa ya ce babu komai.

Dalilin da ya sa bindiga ba ta da kasuwa a can, lissafi ne. Tashar Ƙasa da Ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwambar 2000, tana sama da mu da kimanin kilomita 400 ne kacal, bai kai tafiyar Sakkwato zuwa Kano a mota ba. Amma gudunta ya kusa kilomita 28,000 a sa'a, tana kewaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Daga nan Tambuwal zuwa Sakkwato daƙiƙa 13 ne a wurinta. A irin wannan gudu kowane guntun ƙarfe harsashi ne, kuma ba ya tambayar tutar wa ke jikin abin da ya daka. A Janairun 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraronta na duba yanayi don gwaji, ya fashe gutsure fiye da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu suna can har gobe. Amurka ta harbo nata a 2008, Indiya a 2019. A ranar 15 ga Nuwambar 2021 Rasha ta tarwatsa nata, sai ga mutanen da ke cikin Tashar Ƙasa da Ƙasa, har da Rashawa biyu, an tashe su an ce su shige kumbunansu su zauna da shirin gudu. Wanda ya yi harbi a falaki, gidansa ma yana kan hanyar tarkacen.

Saboda haka masu ƙarfi suka gane cewa ba sai an kai makami sama ba. A bar shi a ƙasa ko a teku, a kai ido da ɗan jagora sama.

Ɗan jagoran nan yana cikin aljihun yawancinku. GPS da direba ke bi, da mai auna fili ke aiki da shi, da wayarku ke nuna muku alƙibla da shi, taurari ne kimanin 30 a tsayin kilomita 20,200. Kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, aikinsa kawai ya riƙa shelar inda yake da ƙarfe nawa ne a wurinsa. Wayarka ta saurari huɗu daga cikinsu, ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne, ta fitar da inda kake tsaye. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta gina shi tun daga 1978, rundunarta ta sararin samaniya ce ke tafiyar da shi yau, kuma har zuwa Mayun 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu don kada ya kai na soja daidaito. Rasha tana da nata, GLONASS, Sin tana da BeiDou, Turai tana da Galileo. Babu wanda ya kashe wannan dukiya don kawai kada direba ya ɓata.

Mutanen Jabo, a nan ku ne ganau, ni jiyau ne, don haka ba zan tsaya ina ba ku labarin daren 25 ga Disambar 2025 ba. Kun ga hasken, kun ji ƙarar, kun ga ramin da safe. Abin da zan ƙara muku shi ne abin da hukumomi suka faɗa da bakinsu. Shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da cewa sojojinsa sun kai hari a arewa maso yammacin Nijeriya. Ma'aikatar tsaronsu ta saki bidiyon makami mai linzami yana tashi daga jirgin ruwa. Gwamnatin Tarayya ta ce da amincewarta aka yi, cewa dajin Bauni da ke Tangaza aka nufa, cewa makaman masu bin jagorancin GPS ne, kuma cewa tarkace ya faɗa a Jabo da kuma Offa ta jihar Kwara. Allah ya tsare, ba a rasa rai a Jabo ba.

Ku duba tsarin abin. Daga bakin teku zuwa nan ya haura kilomita 600. Wanda ya danna bai taɓa shan furar Jabo ba, ba ya jin Hausa, bai san gonar wa ce a gefen asibiti ba. Lambobi biyu aka ba shi, na tsaye da na kwance. Makamin bai shiga sararin samaniya ba, ƙasa-ƙasa irinsa ke tafiya, amma kunnensa yana sama, yana sauraron taurarin da wayar ɗan Jabo ke saurare a daidai wannan daren. Ba sai mun hau kumbo mun je mun tura ƙofar tashar wani ba. Abin da ke bayan ƙofar ne ya taso ya same mu a gona. Tangaza kuwa tana can arewa da Sakkwato, Jabo tana kudu, Offa tana wata jiha mai nisa. Kalmar da masu sayar da makaman nan suka fi so ita ce daidaito, ku kuma kuna da hujjar tambayar su ma'anarta.

Wani abu da ya dame ni shi ne yadda aka ruga aka kewaye wurin, wasu har da tsintar guntaye, har sai da jami'an tsaro suka yi ta gargaɗi. Na san ƙarfe yana da kuɗi wurin 'yan gwangwan. Na kuma san ba duk abin da ya faɗo daga sama ne sharri ba: a Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina, bincike ya nuna daga duniyar Mars ya taso, yau gutsurensa suna manyan ɗakunan bincike na duniya. Amma dutse daban, abin da ɗan'adam ya ƙera don ya fashe daban. Wanda bai tashi jiya ba yana iya tashi yau a hannun yaro. Ƙannena, in kun ga irinsa, ku ja da baya, ku kore yara, ku sanar da mai gari.

Mu kuma ina muke a wannan sama? Mun taɓa kusantarta fiye da yadda kuke zato. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a Fabrairun 1962 Kano na cikin wuraren da suka bi sawunsa. Irin wannan tasha a Zanzibar mutane sun yi ta zanga-zanga a kanta suna zargin ta soja ce, aka rufe ta bayan juyin juya halin 1964. A Agustan 1963 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. An kafa hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999. NigeriaSat-1 ya tashi daga Rasha a Satumbar 2003. NigComSat-1 ya tashi daga Sin a 2007 ya mutu a 2008, aka maye gurbinsa a 2011, shekarar da aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Ba a zauna haka nan ba ke nan, amma duk a kan rokar wasu muka hau, kuma NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X ɗin sun daɗe da wuce shekarun da aka ɗebar musu.

Wannan ba maganar Abuja kaɗai ba ce. Mutumin Kebbe da ya bar gonarsa ta bakin daji saboda 'yan bindiga ya fi kowa buƙatar ido a sama, wanda zai ga sabuwar hanyar babura da sabon sansani a dajin da ya haɗa mu da Zamfara da Kebbi. Idan idon na aro ne, mai shi ne zai zaɓi abin da zai nuna maka da ranar da zai nuna. Ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana. Dabarar ta dogara ne da cewa sai da ƙarfen sabis ake waya. A Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Nijeriya, faranti ɗaya da batir sun isa a yi intanet a tsakiyar daji, kuma sojojinmu sun riga sun ba da sanarwar kama irin na'urorin a hannun 'yan ta'adda a arewa maso gabas. Na'urar da za ta kawo darasi makarantar ƙauye ita ce dai wannan.

Ga masu sha'awar rubutu a cikinku, musamman 'yan matan da nake gani da littattafai a jaka. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Kilba ya yi tafiya sama tare da wata halitta mai suna Kolin Koliyo. Fiye da shekara 50 ke nan. Adabin kasuwar Kano ya ba mu dubban littattafan soyayya da na zaman aure, na yaƙin aljanu da matsafa ma ba a bar su a baya ba, amma hanyar da Dembo ya share kaɗan ne suka bi ta. Ina jin dalilin shi ne muna ganin labarin kumbo na masu kumbo ne. Ban yarda ba. Ba'amurke yana rubuta fagen daga cikin tasha, domin a zuciyarsa shi ne mai tashar, ko aƙalla baƙon da aka gayyata. Wanda bai iya rubutawa ba shi ne labarin wanda ke ƙarƙashinta: ungozomar da ke kwana a asibitin ƙauye, mai garin da za a tashe shi cikin dare a tambaye shi abin da shi ma bai sani ba, yaron da ya ɓoye guntun ƙarfe a ƙarƙashin gadon kakarsa. In kuma kun fi son ku hau sama, to ku hau da mutanenku. Ku tura ɗan Sanyinna cikin tawagar baƙi, a zagaya da shi, a nuna masa ɗakin kyamara da alfahari a ce na duba damina ne da amfanin gona, ya leƙa allo ya ga rufin gidansu da lambobi biyu a gefe. Ba ƙofar da ya tura, ba abin da aka ɓoye masa. Sai dai ku yi karatun lissafi da kimiyyar lissafi kafin ku rubuta, domin mai karatu na yau yana da waya a hannu, zai kama ku.

Saura magana ɗaya, ta diyya, domin na san za a tambaye ni. A Janairun 1978 wani tauraron leƙen asirin Sobiyet mai injin nukiliya, Kosmos 954, ya tarwatse a kan arewacin Kanada ya watsa tarkace mai guba. Akwai yarjejeniyar 1972 da ta ɗora wa ƙasar da ta harba abu sararin samaniya alhakin duk ɓarnar da ya yi a doron ƙasa. Kanada ta kai ƙorafi, aka yi ta ciniki, a 1981 Sobiyet ta amince ta biya dalar Kanada miliyan 3. Amma yarjejeniyar tana magana ne a kan abin da aka harba sararin samaniya, kuma gwamnati ce ke nema daga gwamnati, ba manomi ba. Abin da ya faɗo Jabo bai je sararin samaniya ba, tauraron da ya yi masa jagora kuwa bai faɗo ba, yana can yana aikinsa. Saboda haka wannan doka ba ta san da gonar Jabo ba. Wanda yake da ƙorafi, ƙofar da ta rage masa ita ce ta gwamnatin da ta ce da amincewarta aka yi, ta hannun hakiminsa da shugaban ƙaramar hukuma da wakilansa a majalisa.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.